Shin duk ƙwaron gona maƙiyi ne? Fashin baƙi kan jan ƙwaro mai ɗigo-ɗigo

Me ya sa manomi zai yi wa wakensa feshi yau, darɓa ta lafa, amma kafin mako biyu ta dawo ta ninka ta farko? Tambayar nan ba ta barin bakin masu noman damina da na rani, kuma amsar da aka fi ji a majalisa ita ce maganin jabu ne, ko kuma maganin yanzu ba shi da ƙarfi. Jabun magani yana nan a kasuwa, wannan ba abin musu ba ne. Amma sau da yawa maganin ya yi aikinsa ne har ya wuce gona da iri: ya kashe darɓar da ya tarar, ya haɗa da masu cin ta. Cikin masu cin nata, wanda ido ya fi saurin gani shi ne ɗan ƙwaron nan ja ko ruwan ɗorawa mai ɗigo-ɗigo a baya. To shin duk ƙwaron da ke kan shuka maƙiyi ne? Idan akwai na kirki, ina iyakar ƙarfinsu?

Wane ƙwaro ake nufi?

Kowa ya taɓa ganinsa, ko da bai tsaya ya kalle shi ba. Siffarsa kamar an kife 'yar mitsitsiyar ƙwarya, bayansa na sheƙi, girmansa daga ƙwayar gero zuwa ƙwayar wake. In ka ɗora shi a tafin hannu sai ya naɗe ƙafafu kamar ya mutu, ya fitar da wani ruwa rawaya mai wari daga gaɓoɓinsa. Ruwan nan ɗaci gare shi, kuma launin bayan nasa gargaɗi ne ga tsuntsaye cewa ba daɗin ci. Turawan Ingila na ce masa ledibad, masu Faransanci su ce koksinel, a Masar da Sudan kuwa Abul Idi. A nan zan riƙa kiransa mai-ɗigo.

Ba iri ɗaya ba ne. Dangi ne babba da masana ke kira Coccinellidae, mai iri fiye da 6,000 a duniya. Wanda aka saba zanawa a littattafan yara, ja mai ɗigo bakwai, na Turai ne da Asiya. Namu na nan da yawansu ba haka suke ba, shi ya sa ko wanda ya yi karatun gona yakan wuce su bai shaida su ba. Yawan ɗigon kuma ba ya nuna shekaru, alamar iri ce kawai.

Darɓa kuwa, wasu kan faɗi kalmar suna nufin danƙon nan da ke naso a ganyen dawa, wasu kuma ƙananan ƙwarin da ke fitar da shi, waɗanda ake kuma kira kwarkwatar wake ko kwarkwatar ganye. Ƙwarin nake nufi. Suna soka baki su tsotse ruwan shuka, ganye ya nannaɗe, toho ya tsaya, danƙon da suke kasayarwa ya yi baƙi ya rufe ganye. Abin da ya sa suke da wuyar sha'ani shi ne haihuwa: a ƙasashe masu zafi macen darɓa ba ta jiran namiji, ba ta ma tsayawa yin ƙwai. 'Ya'ya take haifa da ransu, su ma cikin kusan mako guda su fara tasu haihuwar. In wuri ya yi musu kaɗan sai masu fiffike su fito, iska ta kai su gonar maƙwabci.

Tsutsar da ake kashewa bisa kuskure

Wata damina na je gonar wani kawuna da safe, na tarar ya riga ya goya famfon feshi. Ya yafito ni ya ce, "Zo nan ɗana, ka ga wata sabuwar masifa. Darɓa ba ta ishe ni ba, ga kuma waɗannan." Ya juya mini ganyen wake. Darɓa baƙi ƙirin ta lulluɓe tohon, a tsakiyarta kuma ga wasu tsutsotsi uku masu ƙafa shida, baƙaƙe da ɗishi-ɗishin ruwan goro a gefe, jikinsu kaushi-kaushi kamar 'ya'yan kada. Na ce, "Kawu, don Allah a ɗan dakata, mu ga me suke ci." Muka tsuguna. Ba mu yi minti biyu ba ɗaya ta cafke darɓa, ta ɗaga ta, ta tsotse ta tas, ta yar da fatar, ta nufi ta gaba. Ganyen kuwa ko ƙwarzane babu a inda suka bi. Kawu ya yi shiru, can ya ce, "Ikon Allah. To wannan 'yar wace ce?"

'Yar mai-ɗigo ce. Uwar takan nemi inda darɓa ta taru ta jera ƙwai rawaya, dogaye-dogaye, a tsaitsaye, 10 zuwa 30 ko fiye, a ƙarƙashin ganye. Cikin 'yan kwanaki su ƙyanƙyashe. Tsutsar ba ta da wani aiki sai ci, tana saɓa tana ƙara girma, kuma kafin ta gama takan cinye darɓa ɗaruruwa. Daga nan ta manne a jikin ganye ta dunƙule kamar kashin tsuntsu, bayan kwanaki babban ƙwaro ya fito. Shi ma yakan ci gommai a rana, macen kuma ta yi ƙwai ɗaruruwa a rayuwarta.

Abin da ke damuna a nan shi ne manomi yana ganin tsutsar ne daidai lokacin da gonar ta fi muni, tunda inda darɓa ta yi yawa nan take. Sai ya ɗauka ita ce ta kawo ɓarnar. Kamar mutum ne ya ga masu kashe gobara a bakin gidan da ke ci da wuta, ya ce su suka kunna.

Me ya sa ake maganar yawan iri?

Saboda kowane iri da abincinsa da lokacinsa. Waɗanda suka fi yawa a gonakin wake, dawa da auduga na Afirka su ne dangin Cheilomenes. Ɗaya baƙi ne mai manyan tabo ja ko rawaya kamar zanen atamfa, wani kuma ruwan ɗorawa ne da ɗan baƙin layi. Darɓa ce abincinsu. Akwai baƙaƙe masu sheƙi, Chilocorus da Exochomus, da suka fi son ƙwarin nan masu ɓawo da ke mannewa a reshen lemo da dabino, da fararen nan masu kama da ɓurɓushin auduga. Akwai Stethorus, wanda bai kai kan allura girma ba, shi kuwa jan gizo-gizon nan ƙanana da ke busar da ganyen tumatir da gauta a lokacin zafi yake ci.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Scymnus. Ƙarami ne, ruwan ƙasa, ba wanda zai kula da shi. Tsutsarsa tana rufe jikinta da wani farin kaki har ta yi kama da ƙwarin da ke ɓarna. Amfanin wannan shiga sai ka san halin tururuwa. Tururuwa da kiyashi suna kiwon darɓa ne kamar yadda makiyayi ke kiwon shanu: suna shan zaƙin da take fitarwa, su kuma suna tsaron ta, duk babban mai-ɗigon da ya matso su far masa da cizo har ya faɗo. Tsutsar Scymnus kuwa kakin nan yana kare ta, sai ta shiga tsakiyar garken ta yi ta ci.

Gonar da ke da iri biyar ko shida ta fi mai iri ɗaya tsaro. In zafi ya kori wannan, wancan yana nan. In darɓa ta ƙare aka koma jan gizo-gizo, akwai mai jiran sa. Ba kuma su kaɗai ba ne, akwai gizo-gizo na gaske, da tsutsar wani ƙuda mai kama da zuma, da ƙananan rina masu saka ƙwai a cikin darɓa har ta kumbura ta bushe. Feshi ɗaya na maganin da ba ya zaɓe duk yakan share su.

'Yan uwan da ke cin ganye

Ba duk dangin ne na kirki ba, kuma mai noman kankana, guna ko kabewa ya san haka. Akwai iri mai ɗigo 12, ruwan goro mai duhu, wanda shi da tsutsarsa suke kankare ganye su bar shi kamar raga. Wani ɗan uwansa yana yi wa masara, dawa da shinkafa irin wannan ɓarna. Gane su ba wuya. Bayansu ba ya sheƙi, wani ɗan gashi-gashi ne ya rufe shi kamar ƙura ta hau. Tsutsarsu rawaya ce, gajera, duk jikinta ƙaya kamar ƙarangiya, kuma ba ta da sauri. Hanya mafi sauƙi ita ce a dubi ganyen da ƙwaron ke kai. In an kankare shi babu darɓa a kusa, mai cin ganye ne. In ganyen na nan lafiya ga kuma darɓa, mafarauci ne.

Yadda feshi ke juya wa mai gona

Magungunan da suka cika shagunan kayan gona, irin su lamda, saifametirin, daimetowet da DDVP, ba sa tantance ƙwaro. Amma ba daidai suke cutar da ɓangarorin biyu ba. Darɓa tana maƙale a ƙarƙashin ganyen da ya nannaɗe, inda ruwan feshi ba ya shiga sosai. Mai-ɗigo da tsutsarsa kuwa yini suke yi suna yawo a kan ganyen da aka jiƙa da guba, su kuma ci darɓar da ta sha maganin. Bayan feshi, ko darɓa kaɗan ce ta tsira, cikin mako guda ta fara haihuwa ba mai taɓa ta. Shi kuwa mai-ɗigo sai wani ya taso daga wata gona, ya yi ƙwai, a jira makonni uku zuwa huɗu kafin sabon zubi ya girma. Tazarar nan ce ke sa darɓa ta biyu ta fi ta farko. Sai a ƙara magani, a gauraya biyu ko uku a famfo ɗaya, waɗanda suka jure su haifi masu jurewa, a wayi gari maganin da gaske ba ya ci.

Ba a nan kaɗai aka ga haka ba. A Indunusiya, yawan feshin shinkafa ya kashe masu farautar wani ɗan ƙwaro mai tsotson kara, har ya zama annoba. A 1986 Shugaba Suharto ya hana amfani da magunguna 57 a gonakin shinkafa, daga baya aka buɗe makarantun manoma a cikin gona tare da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, inda darasin farko shi ne a tsuguna a gane wa ke cin wa. A arewacin Sin kuma masana sun tattara bayanan wurare 36 a larduna shida daga 1990 zuwa 2010. Sun ga cewa da feshin auduga ya ragu bayan shigowar irin da ke kare kansa daga tsutsa, mai-ɗigo da gizo-gizo sun ƙaru, darɓa kuma ta ragu.

Daga lemon Kaliforniya zuwa dabinon Azbin

Labarin da ya sa duniya ta fara ɗaukar ƙwaron nan da muhimmanci ya faru ne a Amurka. A shekarun 1880 wani farin ƙwaro mai kama da auduga, ɗan asalin Ostareliya, ya kusa tashin noman lemo a Kaliforniya, har manoma suka fara sare itatuwa. A 1888 aka tura wani masani, Albert Koebele, can ƙasar da ƙwaron ya fito, ya nemo abin da ke cin sa a gida. Ya aiko da wani ɗan mai-ɗigo ja da baƙi, kimanin guda 500 gaba ɗaya. Aka hayayyafa su aka raba wa manoma, kafin ƙarshen 1889 annobar ta kwanta. Aka zauna lafiya kusan shekara 60, sai da aka fara fesa maganin ƙwari na DDT a ƙarshen shekarun 1940, maganin ya kashe mai-ɗigon, farin ƙwaron ya sake tasowa.

Mu ma an yi irin wannan a kusa da mu. Dabinon Sahara yana fama da wani ƙwaro mai farin ɓawo da ke rufe ganye har itacen ya raunana. A ƙarshen shekarun 1960 aka kawo wani irin Chilocorus daga Iran aka sake shi a yankin Adrar na Muritaniya, a shekarun 1970 kuma aka kai shi gonakin dabino na arewacin Nijar, yankin Agadas. Manoman gero na Maradi da Damagaram ma sun san irin wannan dabara ta wata fuskar, inda cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, ke raba 'yan buhunan da ƙananan rina ke fitowa daga ciki su kashe tsutsar zangarniya.

Sai dai kwaso ƙwaro daga wata ƙasa ba abin wasa ba ne. Wani mai-ɗigo na gabashin Asiya, Harmonia axyridis, an yi ta sakin sa a Amurka, aka sayar da shi a Turai saboda tsananin cinsa. Ya bazu ya fi ƙarfin masu shi. Ya isa Ingila a 2004, ya kai har Afirka ta Kudu, yana cin ƙwai da tsutsotsin na gida, yana cika ɗakunan mutane lokacin sanyi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A ganina mu ba sayen ƙwaro a kwalba ne ya kamace mu ba. Namu suna nan a bakin gona kyauta, abin da ya rage mu daina kashe su.

Inda ƙarfinsa ya tsaya

Wanda ya ce a zubar da famfon feshi a bar wa mai-ɗigo gona bai yi wa manomi adalci ba. Mutumin da ya ci bashin taki da iri, damina ɗaya gare shi, ga iyali na jira, ba za a ce masa ya zuba ido ba hujja. Malaman gona sun yi ƙaranci, mai shagon magani shi ne likitan da ke kusa, shi kuma sayarwa ce sana'arsa.

Mai-ɗigo bayan darɓa yake zuwa, ba ya riga ta. Wannan ya isa inda ɓarnar tsotso ce kawai, amma bai isa ba inda darɓa ke ɗauke da cuta. Kuturtar gyaɗa darɓar wake ce ke yaɗa ta, kuma 'yan kaɗan sun isa su harbi gona kafin mafarauci ya iso. A 1975 cutar ta lalata kusan hekta 700,000 na gyaɗa a arewacin Najeriya, tana cikin abubuwan da suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa a Kano. Maganinta shuka da wuri, shuka kusa-kusa, da iri mai jurewa irin SAMNUT 24 da cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru ta fitar tare da ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasa da ƙasa.

Haka nan manyan maƙiyan wake lokacin fure da 'ya'ya, wato tsutsar da ke huda fure da kwanso da ƙwarin da ke tsotse kwanson, sun fi ƙarfinsa. Dalilin da ya sa masana ke ba da shawarar feshi biyu zuwa uku ke nan, daga fara fure zuwa ɗaukar 'ya'ya, maimakon na kowane mako. Waken SAMPEA 20-T, wanda aka sauya wa halitta don ya kare kansa daga tsutsar, aka kuma amince da shi a Najeriya a Disambar 2019, an yi shi ne don rage feshin daga shida ko takwas zuwa biyu, ko da yake muhawarar irin da aka sauya wa halitta magana ce mai zaman kanta. Ko a yaƙin farin ƙwaron rogo da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta jagoranta, an kawo masu-ɗigo daga Kudancin Amurka, amma wata 'yar rina da aka fara saki a 1981 ce ta yi aikin da ya sa Hans Herren, masanin da ya jagoranci shirin, ya sami kyautar abinci ta duniya a 1995.

Abin da ke hannun manomi

Feshin da aka fi yi a banza shi ne na farkon damina, wake na ƙarami, an ga darɓa a gindi biyu ko uku. Kafin a haɗa magani, a ratsa gonar da safe daga wannan kusurwa zuwa waccan, a juya ganyen gindi kamar 20. In darɓar a 'yan wurare take, ga kuma ƙwai rawaya ko 'ya'yan kadan nan, a ba su kwana uku ko huɗu a sake dubawa. Ruwan sama mai ƙarfi ma yana wanke darɓa, ta fi yin ƙarfi ne in an yi fari. In dole sai an yi feshi, a bi gindin da abin ya shafa kawai, da yamma, a fara da ruwan 'ya'yan darbejiya ko ruwan sabulu, waɗanda ɓarnarsu ga mafarauta ba ta kai ta sauran ba. Yawan takin yuriya ma yana sa toho ya yi laushi, darɓa ta samu abin da take so. Duk feshin da aka fasa kuɗi ne ya zauna a aljihu, guba ce ba ta hau fatar yaron da ke goyon famfo ba, ba ta kuma bi ganyen wake da harawa zuwa tukunya da turke ba.

Akwai kuma batun inda mai-ɗigo zai kwana da rani. In darɓa ta ƙare yakan rayu da garin fure da zaƙinsa, ya laɓe a gindin ciyawa, ƙarƙashin busasshen ganye da ɓawon itace. Gonar da aka ƙone ƙurmus, aka bi iyakarta da maganin ciyawa har ba tsiro, babu inda zai fito da farkon damina. Gambar da iyayenmu ke bari a kan iyaka, da itatuwan da ake raino a cikin gona, da haɗa dawa ko gero da wake, duk mafaka ce gare shi. Darɓar dawa ba ta cin wake, amma tana ciyar da mafarautan da za su tsallaka kan waken.

Kawu bai fasa feshi ba a ranar nan. Abin da na samu shi ne ya bar mini kunya huɗu na bakin iyaka, kusa da gamba. Bayan kwana shida muka koma, an kuma yi ruwa sau ɗaya a tsakani. A kunyoyin nan tohon ya fara miƙewa, darɓar ta zama fatu-fatu farare, ga tsutsotsin sun dunƙule sun manne a ganye. Ya sa yatsa zai banƙare ɗaya, sai ya fasa. Ya kira ƙaramin ɗansa da ke tsinkar yakuwa ya ce, "Zo ka ga wannan da kyau. In ka gan ta a gona, kada ka murtsuke ta."